Minti Takwas a Samaniyar Arewacin Iraki: Yadda F-15 Biyu Suka Harbo Nasu

Ranar Alhamis 14 ga Afrilu, 1994, da ƙarfe 10:22 na safe, matuƙin wani jirgin yaƙin Amurka samfurin F-15C ya ga ɗigo a allon radarsa, a nisan kimanin kilomita 74. Kafin ƙarfe 10:30 ta wuce, shi da abokin tafiyarsa sun harbo jirage masu saukar ungulu guda biyu, kuma cikin mutum 26 da ke ciki ba wanda ya tsira. Jiragen na sojan ƙasa na Amurka ne, samfurin Black Hawk. Mamatan sun haɗa da Amurkawa 15, Kurdawa 5, Turkawa 3, 'yan Birtaniya 2 da Bafaranshe 1. Gari garau yake a ranar, ba hazo ba hadari, ba kuma wanda ya harbi kowa kafin nan.

Mutumin Kaduna ba baƙon ƙarar jirgin soja ba ne. Mazauna Mando da Kawo sun saba da ƙananan jiragen koyo na Super Mushshak suna zagaye a kansu daga makarantar koyon tuƙi ta 401, ga cibiyar fasaha ta AFIT a cikin barikin, ga NDA, ga kwalejin manyan hafsoshi a Jaji. Yaran da ake horarwa a wuraren nan su ne gobe za su zauna gaban allo su yanke hukunci a kan ɗigo. Sannan a watan Maris na 2021, da gwamnatin Buhari ta ce ta haramta shawagin jirage a samaniyar Zamfara, mutane da yawa sun ɗauka magana ce ta tura jirgin yaƙi ya kakkaɓo duk abin da ya gani. Abin da ya faru a Iraki yana nuna irin aikin da ke bayan wannan umarni, da kuma inda yake ɓaci ko a hannun waɗanda suka fi kowa kayan aiki.

Bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991, Kurdawan arewacin Iraki sun yi wa Saddam Husaini bore, ya murƙushe su, dubban ɗaruruwa suka gudu kan duwatsun iyakar Turkiyya. Amurka da Birtaniya da Faransa, tare da Turkiyya mai masaukin baƙi, suka kafa aikin ba su kariya, suka hana duk wani jirgin Iraki tashi a arewa da layi na 36 na taswirar duniya. Jiragen yaƙin ƙawancen suna kwana a sansanin Injirlik na Turkiyya. Masu saukar ungulun sojan ƙasa kuwa suna can gabas a Diyarbakir, aikinsu jigilar jami'ai zuwa ofishin haɗin gwiwa da ke garin Zako a arewacin Iraki, daga nan su shiga ƙauyuka. An shekara uku ana haka. An yi sawun jiragen yaƙi da na tallafi kusan 27,000 da na masu saukar ungulu kusan 1,400 ba tare da an harbi na gida ba, kuma wannan dogon zaman lafiya yana cikin abin da ya jawo masifar.

Tsarin kowace safiya ɗaya ne. Jirgin AWACS, mai lura da sararin daga sama yana yi wa sauran jirage jagora, zai fara tashi, wato Boeing 707 mai ɗauke da faifan rada mai faɗin mita 9 a gadon bayansa, wanda ke juyawa sau ɗaya duk daƙiƙa goma. Daga nan F-15 biyu su shiga yankin su share shi da radarsu, su tabbatar ba jirgin Iraki, kafin sauran su biyo baya. A rubuce, ba jirgin da ya isa ya riga masu sharar nan shiga. A aikace, masu saukar ungulu sun daɗe suna shiga da wuri, manya sun sani sun kuma yarda, amma ba wanda ya gyara takardar. Matuƙin F-15 da ya karanta umarninsa ya hau jirgi, ya tashi ne da yaƙinin cewa duk abin da ya tarar a ciki ba nasu ba ne.

Yadda ake tare jirgi

Rada ba hoto take ɗauka ba. Tana cilla igiyar lantarki gaba, ta saurari abin da ya dawo. Igiyar tana gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka zuwa da dawowa daga nisan kilomita 74 ba ya cin fiye da rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Daga lokacin da amon ya ɗauka a san nisa, daga inda faifan ke kallo a san ɓangare da tsayi. Kilomita 74 kuwa kusan tazarar Kaduna da Zariya ke nan. Daga wannan nisa, abin da matuƙi ke gani ɗan murabba'i ne a allo da wasu lambobi a gefe.

Wahalar tana ga kallon ƙasa. Jirgin da ke sama idan ya sunkuyar da radarsa, duwatsu da gonaki da rufin gidaje duk suna maido da amo, wanda ya ninka na ƙaramin jirgi sau dubbai. Radar F-15 tana warware wannan da dabarar Dofla. Abin da ke tahowa wurinka, amonsa yana dawowa a ɗan matse. Wanda ke guje maka, nasa a sake. Kwamfutar jirgin ta san saurin da take tunkarar ƙasa, sai ta goge duk amon da ya zo da wannan sauri, ta bar wanda ya bambanta. Dabarar tana da rauninta, kuma matuƙa sun san shi. Jirgin da ake bi idan ya karkata ya ba ka gefensa sosai, yana ratsa gabanka, saurin kusantowarsa zai yi daidai da na ƙasa, kwamfuta ta goge shi tare da duwatsu. Wannan ita ce tsohuwar hanyar ɓacewa daga radar abokin gaba. A ɗaya gefen kuma, mota mai gudu a kan kwalta takan tsallake tacewar ta bayyana kamar jirgi mai tafiya ƙasa-ƙasa.

Hasken rada siriri ne, layi-layi yake shara daga hagu zuwa dama, ya sauka ko ya hau mataki ya sake. Jirgi ɗaya ba zai iya share sama da ƙasa a lokaci guda cikin sauri ba, shi ya sa ake tafiya bibbiyu a raba aiki: ɗaya ya duba sama, ɗaya ƙasa. Idan an ga abu, mataki na gaba shi ne a ɗamƙe shi, wato rada ta bar shara ta zuba masa ido shi kaɗai, ta ba da saurinsa da inda ya dosa daidai. Ɗamƙa tana da tsada biyu. Ka daina ganin sauran sararin, sannan idan wancan yana da na'urar gargaɗi, nan take za ta yi masa kuka ya san an sa shi a gaba. Bayan ɗamƙa sai tantancewa, bayan tantancewa sai shawarar harbi ko bari. Gano abu da bin sa lissafi ne, na'ura ta iya. Tantancewa ce ke buƙatar mutum.

Safiyar ranar

AWACS ya bar Injirlik da 7:36. Ma'aikatansa sababbin zuwa ne daga Amurka, wannan ne sawunsu na farko tare a yankin. Black Hawk biyun suka tashi daga Diyarbakir da 8:22, suka yi wa AWACS sallama a bakin iyaka, mai kula da hanya ya amsa, ya sa musu alamar na gida a allo. Suka sauka Zako suka ɗebi fasinja. Tafiyar ta miƙa ragama ce: Kanar Jerry Thompson, mai barin shugabancin ofishin Zako, zai zagaya da magajinsa Kanar Richard Mulhern ya gabatar da shi ga shugabannin Kurdawa da jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya a wajen Irbil. Da 9:54 suka sake tashi, suka gaya wa AWACS daga inda suka fito da inda za su, da sunayen ɓoye. Mai kula da hanyar bai san wane gari sunan na biyu ke nufi ba, bai kuma buɗe takardar da ke kusa da shi ya duba ba.

Wajen 10:12 jiragen suka shiga kwazazzaban duwatsu, ƙasa-ƙasa, suna gudun kimanin kilomita 240 a awa. Dutse ya shiga tsakaninsu da faifan AWACS, ɗigonsu ya dushe. Wata jami'a mai lura da sararin ta lura, ta aika wa shugaban masu kula, Kyaftin Jim Wang, wata babbar kibiya mai ƙyaftawa a allonsa tana nuna wurin. Kibiyar takan ɓace da kanta bayan minti ɗaya idan ba a amsa ba, haka kuwa aka yi. Can wajen 10:21 mai kula da hanya ya ɗauka sun sauka a wani ƙauye, ya cire alamarsu daga allo. Daga wannan lokaci babu wani abu a gaban kowa da ke tuna masa akwai nasu a ƙasa.

Minti ɗaya kafin nan F-15 biyun sun shigo, a tsayin ƙafa 27,000. Jagora shi ne Kyaftin Eric Wickson. Na biye da shi Laftanar Kanar Randy May ne, kwamandan rundunarsu, wanda ya taɓa harbo mai saukar ungulun Iraki a yaƙin 1991. A tsarinsu, a sama jagora ne mai faɗa a ji ko da ogansa ne ke bin sa, amma ba a rasa wani nauyi a zuciyar ƙaramin hafsa idan ya san maigida na kallon aikinsa. Wickson ne ke duba ƙasa. Da ya ga ɗigon ya ɗamƙe shi, ya shaida wa AWACS, mai kula da cikin yankin ya ce masa shi bai ga komai a wurin ba. Wickson ya duba taswira ko titi ne a wurin da motoci suka ruɗi radar. Zuwa nan dai aikinsa ba abin kushewa.

Sai tambayar IFF, na'urar da ke bambance namu da nasu. Aikinta kamar na 'yan sintirin unguwa ne da suka tsayar da kalmar dare: ka hango mutum a lungu ka jefa masa tambaya, idan ɗan gida ne ya maido da amsar da aka shirya. Jirgin yaƙi yana aika tambaya ta iska, na'urar da ke jikin wancan ta amsa da kanta ba sai matuƙi ya yi komai ba. Akwai salon tambaya iri-iri. A salo na ɗaya, lambar da aka ba jiragen da ke cikin Iraki 52 ce, ta cikin Turkiyya kuma 42. Black Hawk suna amsa 42, domin rundunarsu ba ta ma san akwai wata lamba ta daban ga cikin yankin ba, kuma haka suka daɗe suna yi ba wanda ya tanka musu. Wickson ya tambayi 52, bai sami amsa ba. Ya koma salo na huɗu, mai lambar sirri da ake loda wa kowane jirgin ƙawance. Nan alamar na gida ta fito masa na ɗan ƙyaftawar ido, ta ɓace. Ya sake tambaya, shiru. Ya ɗauke ta a matsayin ruɗin na'ura, wanda dama yakan faru. May ma ya gwada, shi ma shiru.

A nan nake ganin igiyar ta fara tsinkewa a hannun matuƙan. Amsar IFF hujja ce cewa na gida ne. Rashin amsa kuwa ba hujjar komai ba ne. Na'ura na iya lalacewa, ana iya loda lamba ba daidai ba, dutse ko jikin jirgin kansa na iya tare eriya, jirage biyu da ke manne da juna amsoshinsu na iya cakuɗewa. Duk mai koyar da wannan fanni yana faɗin haka a aji. Amma wanda aka gaya wa tun a ƙasa cewa ba nasu a ciki, shirun na'ura zai zame masa shaida ta biyu.

Da 10:25, a nisan kilomita 37, wato kamar daga Kaduna zuwa Jaji, Wickson ya sake kiran AWACS. Yanzu kam amsar IFF ta Black Hawk ta dawo allon AWACS, tana fitowa a daidai wurin da F-15 ke nunawa. A yaren rediyon su akwai kalma biyu dabam: ɗaya ta amon rada tsurarsa, ɗaya ta jirgin da ke amsa IFF. Mai kula ya furta ta farko. Ga kunnen Wickson ma'anarta ita ce, mu ma mun ga abu, ba mu san ko wane ne ba. A cikin jirgin nan akwai mai kula da hanya da ya yi magana da Black Hawk rabin awa da ta wuce, akwai shugabansu, akwai manjo wakilin kwamandan da ke ƙasa a Injirlik, duk suna jin abin da ake faɗa. Ba wanda ya danna maɓalli ya ce, ku dakata, akwai namu a wajen nan ɗazu. Bahaushe ya ce shiru ma magana ce, to ranar nan kowa ya fassara shirun ɗan'uwansa da cewa ya san abin da yake yi.

Su kuwa matuƙan Black Hawk ba su ji ko kalma ɗaya ba. Suna kan layin rediyon hanya, ba a ce musu su koma layin cikin yankin ba, kuma F-15 na amfani da wata rediyo mai tsalle-tsallen zango don kauce wa masu toshe magana, wadda su ba su da irinta. A tsawon mintunan nan takwas ba wanda ya kira su.

Kallon ido

Saura mataki na ƙarshe, a je a gani. Dabarar da aka saba ita ce jagora ya wuce kusa ya duba, na biye ya tsaya 'yan kilomitoci a baya da makami a shirye. Wickson ya sulmiyo daga sama ya shiga kwarin da 10:28. F-15 an ƙera shi ne don faɗa a can ƙololuwa, matuƙansa ba su saba da shawagi tsakanin duwatsu ba, don haka rabin hankalinsa na ga tsaunin da ke tasowa a gabansa. Yana gudun kusan kilomita 830 a awa, abin da yake son gani yana 240. Bambancin ya kai mita 160 a kowace daƙiƙa. Ya wuce ta hagu, mita 300 a gefe, mita 150 a sama, yana leƙe ta gilashin da ke kansa, ta cikin tabarau na hular ƙarfe. Abin da ya samu bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba: wani abu mai duhu a kan ƙasa mai duhu, da wutsiya mai langaɓewa baya, da wasu 'yan fukafukai a gefe ɗauke da kaya.

'Yan fukafukan nan su suka kashe su. Black Hawk ba ta da su a yadda aka saba ganinta, amma ranar an ɗaura mata don ɗaukar ƙarin tankunan mai saboda nisan tafiya. Mi-24 ta Rasha, wadda Iraki ke da ita ake kuma kira Hind, tana da irin waɗannan fukafukai na rataya makamai. Daga sama ta baya, kamar ta yi yawa. Wickson ya fara cewa Hind ce, ya janye ya ce Hip, wato Mi-8, wata mai saukar ungulu ta Rasha, ya zaro ɗan littafin hotuna daga aljihu yana tuƙi ya duba, ya koma kan Hind. A lokacin ne ma ya hango ta biyu a baya. Horon gane jirage da ake ba su kusan duk na jiragen yaƙi ne. Hotunan masu saukar ungulu kaɗan ne, yawancinsu kuma daga ƙasa aka ɗauka, ba daga inda matuƙi zai gan su ba. Ba a koya musu cewa Hind ɗin Iraki ruwan ƙasa ne da fentin hamada, Black Hawk kuwa kore ce mai duhu. Akwai tutocin Amurka a ƙofofi da tankuna da hanci da cikin jiragen, amma daga wannan nisa da wannan gudu ba mai iya ganin su.

Ya ce wa May ya tabbatar masa. May ya yi nasa wucewar, daga nesa fiye da ta jagora, ya ce ya ga biyu. Daga baya ya shaida wa masu bincike cewa nufinsa ya ga jirage biyu, bai ce Hind ba ne. Wickson kuwa ya ji an tabbatar masa. AWACS ya amsa cewa ya ji, Hind. Suka yi gaba kimanin kilomita 18 suka juyo ta baya. Wickson ya yi tambayar IFF ta ƙarshe, shiru, ya saki AIM-120 daga nisan kilomita 7 a kan na baya. Wannan makami yana da 'yar radarsa a hanci, idan ya kusa ba ya buƙatar jagorancin wanda ya harba shi. Na gaban ya ga wutar ya karkata yana neman mafaka a kwari, May ya bi shi da AIM-9 mai bin zafin inji daga ƙasa da kilomita 3.

Idan aka auna ta fuskar dabara zalla, tarewar ta tafi yadda ake koyarwa. An gano abu mai tafiya ƙasa-ƙasa cikin duwatsu tun daga nesa, an raba aiki, an zagayo ta baya, makami biyu, jirgi biyu. Abin da ya rage shi ne tambayar da ban ga an ba ta gamsasshiyar amsa ba: saurin me ake? A ce ma Hind ne. Mai saukar ungulu mai gudun 240 ba ta da inda za ta tsere wa F-15, ba ta da abin da za ta yi masa idan ya koma sama, kuma ba a ga tana kai wa kowa hari ba. Suna iya hawa su zuba mata rada na minti goma, su sake wucewa sau biyu ko uku, su nemi wakilin kwamanda ya tuntuɓi ƙasa. Ƙa'idojin harbin da aka ba su ma sun ce a yi la'akari da jirgin da ya ɓata hanya, ko yake cikin matsala, ko na masu gudowa su miƙa wuya. A dokar jiragen farar hula, mai tarewa yakan zo ta hagun wanda ya tare, ya girgiza fukafukai, ya kira shi a zangon gaggawa na 121.5, yankin yaƙi ba a bin wannan sau da ƙafa, amma ya nuna cewa akwai matakai da yawa tsakanin gani da harbi.

Masu binciken majalisar dokokin Amurka sun ji wani bayani daga bakin wasu hafsoshi: gasa. Jiragen yaƙin F-16 za su shigo yankin bayan 'yan mintuna, kuma tun ƙarshen yaƙin 1991 su ke samun harbi, jirgin Iraki MiG-25 a Disambar 1992, MiG-23 na Iraki a Janairun 1993, da jiragen Sabiyawa huɗu a Bosniya ranar 28 ga Fabrairun 1994, wata ɗaya da rabi kafin wannan rana. Matuƙan biyu sun musanta cewa wannan ya tunzura su. Abin da ba a musu a kai shi ne, da F-16 ne suka fara isa, da wuya a yi harbin. Su ƙasa-ƙasa suke aiki, suna tsoron karo da masu saukar ungulu, don haka sun saba neman jadawalinsu kowace safiya. Rundunar F-15 ba ta nema, ba a kuma kai mata. A babbar takardar aikin yini an rubuta Black Hawk ɗin, amma ba lokaci ba hanya, sai dai "idan buƙata ta taso". Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A samaniyarmu

Daren 3 ga Disamba, 2023, jirgi marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Wannan hari ne daga sama zuwa ƙasa, ba tare jirgi ba, amma akwai abin da ya haɗa su. Da farko rundunar sojan sama ta fito ta ce ba ita ba ce, daga baya sojan ƙasa suka amsa cewa jirginsu ne, shugabansu na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin ya ba da haƙuri. Runduna biyu, sarari ɗaya. A wata majalisa a Kawo cikin makon nan na ji wani matashi ya tambayi wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin sojan sama: "Baba, ba ku kuka ce na'urorin nan har lambar mota suna karantawa daga sama ba?" Dattijon ya ce, "Ɗana, na'ura za ta nuna maka taro. Ba ita za ta gaya maka Mauludi ake ba. Wannan sai wanda ya ɗaga waya ya tambayi mai gari."

Ta ɓangaren tare jirgi kuwa, kayanmu ba su kai na Amurkan 1994 ba. Jiragen da ke da radar farautar jirgi su ne JF-17 guda uku da aka karɓa daga Pakistan a Mayun 2021, da F-7Ni na China, kuma gidansu Makurdi, sama da kilomita 500 daga Gusau. Alpha Jet da Super Tucano na kai hari ƙasa ne. Ba mu da irin AWACS. Radar da ke lura da sararin ƙasar ta hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, NAMA, ce, ƙarƙashin shirin TRACON da aka ƙaddamar a 2010 mai tashoshi tara. Huɗu, a Legas, Kano, Abuja da Fatakwal, suna da rada mai ganin jikin jirgi ko ya so ko bai so ba. Sauran, irin na Talatar Mafara da Numan, masu tambaya ne kawai, sai jirgin da ya kunna na'urar amsawa suke gani. Wanda ya kashe tasa ya bi ƙasa-ƙasa, sai dai mutanen ƙauye su ji ƙararsa. A sarari guda kuma akwai jiragen sojan sama, marasa matuƙa na sojan ƙasa, masu saukar ungulun 'yan sanda, na 'yan kasuwa da na masu agaji. Ko an samu jirgin da zai je ya tare, tambayoyin Iraki ne za su jira shi: wa ke riƙe da jadawalin kowa, wace lamba ake amsawa, a wane layi ake magana.

Kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar James Andrus ya fitar da rahotonsa a Yulin 1994, ya ɗora alhakin a kan jerin kurakurai: kuskuren ganewa na matuƙa, shirun ma'aikatan AWACS, rashin shigar da masu saukar ungulu cikin tsarin aikin yini, da matsalar IFF. Aka gyara tsarin nan take, aka sa su a takarda ɗaya da layi ɗaya da lamba ɗaya da kowa. An tuhumi May da laifi 26 na kisa bisa sakaci, daga baya aka janye. Wickson ba a gurfanar da shi ba. Mutum ɗaya tak ya tsaya gaban kotun soja, Kyaftin Wang, wanda bai taɓa kunamar harbi ba, kuma ranar 20 ga Yuni, 1995 kotun ta wanke shi. Iyalan mamatan suka yi ta ƙorafi, har a watan Agustan shekarar shugaban sojan sama Janar Ronald Fogleman ya ɗauki mataki da kansa: ya hana Wickson da May tuƙi na aƙalla shekara uku, ya dakatar da Wang da wasu jami'an AWACS biyu daga aikin kula da jirage na shekara biyu, ya kuma sa takardun tsawatarwa a fayil ɗin janar-janar biyu da ke jagorantar aikin. Gwamnatin Amurka ta biya iyalan baƙi goma sha ɗayan dala 100,000 kowanne. Iyalan Amurkawan sai a 1999 majalisa ta amince a ba su irin wannan.